Ajiye waya na mako guda yana da amfani kuwa?

Wani magidanci ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na lura ba na iya yin minti goma ban duba waya ba. Barcina ya lalace, idanuna suna zafi, karatun shafi biyu ma ya fara gagarata. Ina tunanin in ajiye wayar gaba ɗaya na mako guda. Shin hakan zai gyara min? Kuma ta yaya zan yi, alhali aikina da zumuncina duk a cikinta suke?"

Ɗan'uwa, ka yi hutun, ina goyon bayanka. Sai dai ina so ka shige shi da sanin abin da zai iya ba ka, don kada ka fito kana ganin an yaudare ka. Mako guda ba zai goge sabon da ka yi shekaru kana ginawa ba. Abin da zai yi maka shi ne ya nuna maka, ƙiri-ƙiri, a waɗanne lokuta hannunka yake kai wa ga wayar, me kake gudu idan ka ɗauke ta, kuma wane ɓangare na cikinta ne kake bukata da gaske. Wannan sanin shi ne ribar. Idan ka dawo a rana ta takwas ka mayar da komai yadda yake a da, ba za a yi mako biyu ba za ka ga kanka a inda ka baro.

Akwai wata magana da ta yaɗu da nake so ka cire daga ranka tun yanzu, wai waya tana cika ƙwaƙwalwa da sinadarin dofamin, hutun kuma yana wanke shi. Dofamin ba guba ba ne. Sinadari ne da ƙwaƙwalwa take aiki da shi kullum wajen motsa jiki da koyo da zaburar da mutum ya nemi abu, kuma ƙarancinsa a wani sashe na ƙwaƙwalwa shi ne tushen cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki. Babu wani abu da ya taru a kanka da mako guda zai zubar. Abin da ke damunka sabo ne, kuma an san yadda irin wannan sabon yake kafuwa tun kafin a ƙera wayar hannu.

Masanin halayya B. F. Skinner, a gwaje-gwajen da ya yi da tattabaru da ɓeraye a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna cewa dabbar da ake ba ta lada duk lokacin da ta danna maɓalli takan daina dannawa da wuri idan ladan ya yanke. Wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san ko dannawa ta biyu ce za ta kawo ko ta ashirin ba, ita ce take nacewa, ta yi ta dannawa ko da an daɗe da daina ba ta komai. Yanzu ka duba yadda kake buɗe waya. Sau tara babu komai sai gaisuwar zaure da bidiyon da ka riga ka gani. A na goma sai ka tarar da saƙon da ya faranta maka rai, ko labarin da ya girgiza ka. Wannan na goman shi yake biyan kuɗin sauran taran. A kan wannan kuma aka ɗora wata dabara: shafin da ba ya ƙarewa, wanda wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, ya ƙirƙiro a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. A da, idan ka kai ƙarshen shafi dole ka tsaya ka yanke shawarar ko za ka buɗe na gaba. Wannan 'yar tsayawar ita ce take ba hankali damar cewa ya isa. Da aka cire ta, sai ya zama babu inda za ka ji ka gama. Na faɗi wannan ne don ka daina ɗaukar abin a matsayin rauninka kai kaɗai. Akwai ƙwararru da ake biya albashi mai tsoka don kada ka ajiye wayar, kuma sun iya aikinsu.

To me bincike ya nuna a kan hutun kansa? Sakamakon gauraye yake, kuma a cikin gaurayen ne darasin yake.

A 2022 masu bincike a Jami'ar Bath da ke Ingila sun raba mutum 154 gida biyu. Rukuni ɗaya suka bar Facebook da Instagram da Twitter da TikTok na mako guda, ɗayan suka ci gaba yadda suka saba. Waɗanda suka huta sun ba da rahoton raguwar damuwa da fargaba da ƙaruwar walwala, wasunsu kuma sun samu rarar kusan awa 9 a makon. Kafin wannan, masana tattalin arziki daga jami'o'in Stanford da New York sun biya mutane kuɗi su rufe Facebook na mako huɗu gab da zaɓen tsakiyar zango na Amurka a 2018. A matsakaici, kowane mutum ya samu rarar kimanin awa guda a rana. Sun ƙara zama da iyali da abokai, sun kuma ƙara kallon talabijin. Jin daɗinsu ya ƙaru, amma kaɗan. Saninsu game da labaran da ke gudana ya ragu, zafin ra'ayinsu na siyasa ma ya ɗan sauka. Bayan an gama gwajin, da yawansu ba su koma yawan amfanin da suke yi a da ba.

A ɗaya gefen kuma, Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun gwada hutun yini ɗaya tak daga kafofin sada zumunta, a gwaje-gwaje uku da aka wallafa a 2021, ba su ga wata ƙaruwar jin daɗi ba. Wasu ma sun ji kamar an yanke su daga mutane. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yinin farko shi ne mafi ɗaci, wanda ya tsaya a nan ya sha ɗacin ne kawai ya tashi.

Binciken da na fi so ka riƙe shi ne na Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus, wanda Julia Brailovskaia ta jagoranta, aka wallafa a 2022. Mutum 619 aka raba gida uku. Na farko suka ajiye wayar kacokan na mako guda, wato daidai abin da kake shirin yi. Na biyu suka rage awa guda kawai a kowace rana. Na uku ba su canza komai ba. Sai aka ci gaba da bibiyarsu har wata huɗu. Rukunan biyu na farko duk sun amfana: gamsuwa da rayuwa ta ƙaru, motsa jiki ya ƙaru, alamun damuwa sun ragu. Amma bayan wata huɗu, waɗanda suka ajiye wayar gaba ɗaya amfaninsu da ita ya ragu da minti 38 a rana idan aka kwatanta da kafin gwajin, na waɗanda suka rage awa guda kawai kuma ya ragu da minti 45, kuma ribar tasu ta fi tsayawa daram. Dalilin da nake gani a fili yake. Wanda ya jefa waya a aljihun tebur ya koyi rayuwa babu waya, rayuwar da ba zai ci gaba da yi ba. Wanda ya rage kuwa ya koyi zama da wayar a hannunsa yana ce mata a'a, kuma wannan ita ce ƙwarewar da zai bukata har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wani gwaji na 2025 da ya dace da halin da kake ciki, tunda ka ce aikinka yana cikin wayar. An ɗauki mutum 467, aka sa musu manhajar da ke toshe intanet a wayar hannu na mako biyu. Kira yana shiga, saƙon tes yana shiga, kuma an bar su su shiga intanet ta kwamfuta. Mafi yawansu sun samu ci gaba a walwala ko lafiyar ƙwaƙwalwa ko iya tsayar da hankali, kuma masu binciken sun danganta wani ɓangare na ribar da abin da ya maye gurbin latse-latsen: haɗuwa da mutane ido da ido, motsa jiki, fita waje. Amma ka lura da wannan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya riƙe toshewar yadda aka nema. Mutane ne da suka kawo kansu da niyyar ragewa, duk da haka uku cikin huɗu suka kasa. Don haka idan ka zame a rana ta uku, kada ka watsar da shirin. Ka mayar da wayar inda ka ajiye ta ka ci gaba da ƙirga.

Yanzu bari mu bi koke-kokenka uku, don ba cuta ɗaya ba ce, kuma ba magani ɗaya suke so ba.

Barci shi ne wanda nake da yaƙinin za ka ga canjinsa da sauri. An cika ɗora laifin a kan shuɗin hasken fuskar waya, kuma akwai gaskiya a ciki. A wani gwaji da masu bincike na Harvard suka wallafa a 2015, mutum 12 sun yi karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, aka kwatanta da karatu a littafin takarda. Sinadarin melatonin, wanda yake shaida wa jiki cewa dare ya yi, ya ragu, agogon jikinsu ya ja baya da fiye da awa guda, da safe kuma sun fi jin kasala. Amma jinkirin kama barcin kansa kimanin minti 10 ne kawai, kuma wannan bayan awa huɗu a haske mai ƙarfi. Ni a ganina hasken shi ne ƙaramin ɓarawo. Babban ɓarawon shi ne lokacin da ake cinyewa. Ka kwanta da niyyar duba abu ɗaya, ka ɗaga kai ka ga ƙarfe ɗaya ta wuce. Sai kuma abin da ka gani ɗin: gardamar da ta tayar maka da hankali, labarin kisa, saƙon aiki da ka san ba za ka iya komai a kansa ba sai gobe amma ya riga ya shiga kanka. Jikin da aka zaburar ba ya kwantawa don an kashe fitila. Shi ya sa sauya launin hasken zuwa ruwan ɗorawa ba ya wadatarwa. Abin da yake aiki shi ne wayar ta kwana a wani ɗaki. Ka sa cajarta a can, ka nemi agogon ƙararrawa na daban, domin "da ita nake tashi" shi ne uzurin da yake dawo da ita bakin gado. Idan kana tsoron kiran gaggawa, ka ƙara ƙarar kira, ka bar ƙofa a buɗe. In da za a ce in zaɓa maka canji ɗaya rak daga duk abin da zan faɗa, wannan zan zaɓa.

Ido kuwa maganarsa gajera ce. Mutum yana ƙifta ido kusan sau 15 zuwa 20 a minti, idan ya ƙura wa fuskar waya ido kuwa yakan ragu da rabi ko fiye, sai ido ya bushe ya yi zafi. Tsokar da ke daidaita gani na kusa ma tana gajiya. Likitocin ido suna ba da shawarar kowane minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Tabarau masu tace shuɗin haske da ake ta tallatawa, wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, a 2023 ya tattara gwaje-gwaje 17 bai ga hujjar cewa suna rage gajiyar ido ba, don haka ka riƙe kuɗinka. Idan zafin bai sauka ba bayan hutun, ko kana ganin dishi-dishi, ko ciwon kai yana biyo baya, je a auna idon. Sau da yawa mutum gilashin karatu yake bukata, musamman in ya haura shekara 40.

Kokenka na uku, na gagarar karatu, shi ya fi taɓa ni, don shi ne wanda mutane suke jin kunyar faɗa. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci yake tsayawa a kan abu ɗaya a kwamfuta kafin ya juya zuwa wani. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne. A 2012 ya sauko daƙiƙa 75. A aune-aunen da suka biyo baya ya sauko daƙiƙa 47. Abin da ya fi ba da tsoro a aikinta shi ne, kusan rabin katsewar ba daga waje take zuwa ba. Babu wanda ya kira, babu saƙon da ya shigo, mutum ne da kansa yake katse kansa. Wato hankali ya koyi cewa da zarar abu ya fara wuya ko ya fara gundura, akwai ƙofar fita a kusa. Shafi na biyu na kowane littafi mai amfani yana da ɗan wuya, a nan ne hannu yake miƙewa. Kuma komawa ba kyauta ba ce. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon na ɗan lokaci. Ka duba saƙo na daƙiƙa biyar, amma ka koma karatun da rabin kai.

Albishir ɗin shi ne ƙwaƙwalwarka ba ta lalace ba. An horar da ita ne a kan gajeren zango, kuma ana iya sake horar da ita. A makon hutun ka ware minti 20 a kullum ka zauna da littafin takarda, wayar tana wani ɗaki. Na ce wani ɗaki da gangan. Wani bincike na Jami'ar Texas a 2017 ya samu cewa waɗanda wayarsu take wani ɗaki sun fi waɗanda tasu take kife a kan tebur ƙoƙari a gwajin tunani. Wasu da suka maimaita gwajin ba su samu bambanci mai girman haka ba, amma ko babu wannan, tashi a taka zuwa wani ɗaki yana ba ka daƙiƙa goma da za ka tambayi kanka me za ka je nema. Idan kana karatun ka ji ƙaiƙayin dubawa, kada ka yi faɗa da shi. Ka lura da shi, ka ci gaba da layin da kake. Yakan tashi ya kai ƙololuwa ya sauka cikin 'yan mintuna.

Sai yadda za ka tsara makon. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka ba kanka kwana biyu ko uku na shiri. Fara da buɗe ma'aunin da ke cikin wayar, Screen Time idan iPhone ce, Digital Wellbeing idan Android ce. Tun 2018 kamfanonin Apple da Google suka saka su. Kada ka tsaya a jimillar awanni, don ita ba ta faɗa maka komai sai tayar da hankali. Ka duba manhajoji ukun da ke sama, ka duba sau nawa kake buɗe wayar a rana, ka duba wace manhaja ce ta fi aiko maka da sanarwa. Yawancin mutane suna tarar da cewa manhaja biyu ko uku ne suke cinye fiye da rabin lokacin. Su ne abokan hamayyarka, ba taswira ko manhajar banki ko kyamara ba.

Daga nan ka raba abin da ke cikin wayar gida biyu. Akwai kayan aiki, waɗanda kake shiga da bukata ka fito idan ta biya: kira, tura kuɗi, neman hanya, saƙon abokin ciniki. Akwai kuma waɗanda kake shiga ba tare da bukata ba kuma ba su da ƙarshe. Tunda abincinka yana cikin wayar, ban ba ka shawarar ka kulle ta a akwati ba. Ka goge rukuni na biyu daga wayar na tsawon makon. Gogewa nake nufi, ba ɓoyewa a wani lungu ba, don yatsa ya san hanya. Asusunka ba zai ɓace ba, amma ka tabbata ka rubuta kalmomin sirrinka a wuri amintacce kafin ka goge. Idan wata kafar tana cikin aikinka, ka shige ta ta kwamfuta a lokacin da ka yanka mata.

WhatsApp shi ne mai wuyar sha'ani, don kayan aiki ne da wurin hira a haɗe. A nan ka sa wa duk zaurukan da ba na aiki ba takunkumin shiru, ka daina leƙa sitatus, ka yanka lokuta uku a rana na amsa saƙo, misali da hantsi, da bayan azahar, da farkon dare. Wannan adadin ba daga kaina na ƙirƙiro shi ba. A Jami'ar British Columbia da ke Kanada an sa mutum 124 su riƙa duba imel sau uku kawai a rana na mako guda, gajiyar ransu ta ragu idan aka kwatanta da makon da suka duba yadda suka ga dama. Wani gwaji na 2019 da mutum 237 ya ƙara fito da abin fili: waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu sau uku a rana sun fi natsuwa da jin suna riƙe da ragamar lokacinsu, amma waɗanda aka kashe musu sanarwa ɗungurungum fargabarsu ƙaruwa ta yi, suna ta tunanin me ya wuce su. Rai yana kwanciya ne idan ya san akwai lokacin da zai duba.

Ka sanar da mutanenka kafin ka fara. Iyali, shugabanka a wurin aiki, manyan abokan hulɗa: "Wannan makon ina amsa saƙo sau uku a rana, idan abu na gaggawa ne a kira ni." Jimla ɗaya ce, amma tana cire rabin fargabar, tana kuma hana a ɗauka fushi kake yi. Za ka sha mamakin ƙarancin kiran da zai shigo. Game da aiki, ba kai kaɗai kake wannan kokawar ba. Faransa ta kai ga yin doka, wadda ta fara aiki a farkon 2017, da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki. Ostireliya ma ta yi irin tata a 2024. Inda babu doka, sai mutum ya nemi yarjejeniya da bakinsa, kuma shugabanni da yawa suna yarda idan an ba su tabbacin cewa kira zai same ka.

Abu mafi muhimmanci a shirin, wanda aka fi mantawa, shi ne me za ka zuba a ramin da zai buɗe. Za ka samu awa biyu ko uku a rana da ba ka san kana da su ba. Idan ba ka tanadi komai ba, talabijin ko kwamfuta za su haɗiye su, ka ga an gudu ba a tsira ba. Ka rubuta tun kafin ranar: wa za ka ziyarta, ina za ka taka da ƙafa, wane gyara ne ya daɗe yana jiranka a gida, wane littafi. Ka fi ba da ƙarfi ga abin da ya haɗa ka da mutane ko ya motsa jikinka, don a nan ne gwaje-gwajen da na ambata suka nuna ribar tana fitowa.

Kwana biyu ko uku na farko ba za su yi daɗi ba, gara ka sani. Za ka riƙa laluba aljihu. Za ka ji kamar wayar ta yi motsi alhali ba ta jikinka. Za ka ji gundura mai nauyi, wani lokaci har da ƙunci. Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya yi wani gwaji a 2014 inda aka bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, babu waya babu littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna, duk da cewa tun farko sun ce za su biya kuɗi don kada a ja su. Zama da tunanin kai yana da wuya ga ɗan Adam, waya kuma ta ba mu hanyar da ba za mu taɓa yin sa ba. A nan ne aikin gaske na makon yake. Ka ajiye 'yar takarda a aljihu. Duk lokacin da hannunka ya nemi wayar, ka rubuta ƙarfe nawa ne da abin da kake ji a kalma ɗaya: gajiya, haushi, kaɗaici, jiran wani, tsoron fara wani aiki. Zuwa rana ta biyar za ka ga kalma ɗaya ko biyu suna ta maimaituwa. Wani zai ga duk lokacin da aiki mai wuya ya tunkaro shi ne. Wani zai ga da dare ne, bayan gida ya yi tsit. Wani zai ga bayan saɓani da iyali ne. Kowanne da maganinsa, kuma babu ɗaya a cikinsu da goge manhaja kaɗai zai warkar.

Rana ta takwas ka ba ta muhimmanci fiye da ta farko. Kada ka sauke duk abin da ka goge a zama ɗaya. Ka ɗauki kowace manhaja ka tambayi kanka abin da ka rasa na gaske a rashinta. Wadda ba ka rasa komai ba, bar ta a waje. Wadda ka rasa wani abu, dawo da ita da sharaɗi: babu sanarwa, ba a shafin farko ba, ko kuma ta kwamfuta kawai. Ka zaɓi dokoki biyu ko uku da za ka iya riƙewa ko a ranar da ka fi gajiya, irin su waya ba ta kwana a ɗaki, ba a taɓa ta a rabin awar farko bayan tashi, ba ta zama a hannu idan ana magana da kai. Dokoki goma rushewa suke yi a mako guda. Bayan wata ɗaya ka sake buɗe ma'aunin ka kwatanta da lambobin da ka gani kafin hutun. Idan sun fara hawa, ka maimaita hutun na kwana biyu a ƙarshen mako. Tunda magidanci ne kai, ka sani yara suna koyon riƙon waya daga hannun da suke gani, kuma dokar da ta hau kan kowa a gida, har da mai gidan, ta fi wadda aka ɗora wa yara kaɗai daɗewa.

Akwai inda nake so ka yi taka-tsantsan. Ga wanda yake zaune nesa da danginsa, ko mara lafiyar da ba ya fita, ko wanda abokan da suka fahimce shi suna cikin wayar ne, yanke komai yana iya ƙara masa kaɗaici. Irin wannan ya rage kallon abin da baƙi suke wallafawa, ya ƙara kiran waɗanda ya sani da murya. Sannan wani lokaci yawan riƙe waya alama ce ta wani ciwo da ke ƙasa. Idan ka ajiye ta ka ga baƙin cikin bai ɗaga ba har mako biyu, ko ba ka jin daɗin abubuwan da ka saba so, ko rashin barcin ya ci gaba duk da wayar tana wani ɗaki, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, to ka ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Haka nan idan abin da ke riƙe ka caca ce ta intanet ko wasannin bidiyo har suna cin kuɗinka da aikinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasannin bidiyo a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta caca kuma ta daɗe a ciki, kuma dukansu suna da magani a hannun ƙwararru. Idan ka je, tafi da 'yar takardar da ka rubuta lokuta da abin da kake ji, za ta taimaka wa likitan ya gane inda zai fara.